Kuɗin Magudana: Yadda Birane Ke Cajin Rufi Da Kwalta

Milimita ɗaya ta ruwan sama idan ta sauka a fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cur. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 200 zai zubo da lita 5,000 ta indararo a ruwan milimita 25, wanda ma ba wani ruwan kirki ba ne. Da a ce ciyawa ce a wurin, ƙasa za ta shanye mafi yawansa. A jadawalin da injiniyoyi ke aiki da shi, rufi da kwalta suna malalar da kashi 70 zuwa 95 cikin ɗari na ruwan da ya sauka a kansu, ciyawa kuwa kashi 5 zuwa 35, gwargwadon irin ƙasar da gangararta. Wannan bambanci shi ne tushen duk wata muhawara kan wanda ya kamata ya biya kuɗin magudana. Domin sauƙin magana, duk wurin da ruwa ba ya iya nutsewa, rufi ne ko kwalta ko siminti, za mu kira shi daɓe.

Ruwan da ya bar daɓe ya zama nauyin birni. Akwai lambatu da kwalbati da bututun ƙarƙashin ƙasa da za a gina, akwai ramukan tarar yashi a bakin titi da ake yashewa, akwai tafkunan riƙe ruwa da laka ke cikawa, ga famfunan da ke ɗaga ruwa a unguwannin kwari, ga sharar titi, ga ma'aikatan da ke zura kyamara cikin bututu don neman tsaga. A tsofaffin birane kuma bututu ɗaya ne ke ɗaukar najasa da ruwan sama tare. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi sai bututun ya cika, rarar ta kwarara cikin kogi ba tare da an tace ta ba. Gyaran wannan shi ya fi komai cin kuɗi. Manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa da Washinton, babban birnin Amurka, ke haƙawa don riƙe irin wannan ruwa sun lashe sama da dala biliyan 2.5.

Hanyar da aka fi daɗewa ana bi ita ce a ciri kuɗin daga babban asusun birni, wanda harajin gidaje da filaye ke cikawa. Tana da sauƙi, tun da an riga an san masu biya kuma ba a buƙatar sabon ofishi. Sai dai tana da aibi biyu. Na farko, magudana na gogayya da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da makarantu a teburin kasafi, kuma bututun da ke binne ba ya kawo wa ɗan majalisa ƙuri'a. Shekarar da aka yi ambaliya a zuba kuɗi, shekaru biyar na bayanta a manta. Na biyu, harajin gida yana bin darajar gida, ruwa kuwa babu ruwansa da daraja. Dogon bene mai tsadar gaske yana iya tsayawa a kan ɗan ƙaramin fili, yayin da filin ajiye motoci mai arha yake shimfiɗe da kwalta hekta biyu. Mai benen ya sha haraji, mai filin ya yi ta turo ruwa. Ƙari a kan haka, jami'o'i da asibitocin sa-kai da wuraren ibada da gine-ginen gwamnati galibi an yafe musu harajin kadara, alhali suna cikin masu manyan rufi da manyan farfajiyoyi.

Wasu biranen sun ɗora kuɗin a kan takardar ruwan famfo: iya ruwan da mitarka ta nuna, iya abin da za ka biya na kwata, ciki har da na ruwan sama. Jamus ta daɗe a haka. Sakamakonsa shi ne iyali mai mutum shida a hawa na huɗu, waɗanda rabonsu a rufin ginin bai taka kara ya karya ba, suna biyan fiye da ɗakin ajiyar kaya mai famfo ɗaya da rufin murabba'in mita dubu goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kotuna ne suka kawo ƙarshen abin. Babbar kotun shari'ar gudanarwa ta jihar Nordrhein-Westfalen ta yanke hukunci a 2007, takwararta ta Baden-Württemberg ta bi sahu a 2010, cewa dole a raba cajin gida biyu, na ruwan da aka yi amfani da shi bisa mita, na ruwan sama bisa faɗin daɓe. A Filadelfiya ta Amurka, girman mitar ruwa ake dubawa har zuwa 2010, lokacin da aka fara sauya wa 'yan kasuwa da masana'antu tsari a hankali cikin shekaru huɗu. An ɗora kashi 80 na kuɗin a kan daɓe, kashi 20 a kan faɗin fili gaba ɗaya. Filayen ajiye motoci da ba su da mitar ruwa, waɗanda ba su taɓa ganin takardar biya ba, a lokacin suka fara gani.

A Amurka doka ce ta ingiza yaɗuwar wannan caji. Garin Bellevue na jihar Washinton yana cikin na farko-farko, a 1974. Amma guguwar ta taso ne bayan an yi wa dokar tsaftar ruwa ta 1972 kwaskwarima a 1987, aka shigar da ruwan sama cikin abin da sai da lasisi ake zubarwa a kogi. Ƙa'idar 1990 ta kama biranen da suka haura mutum 100,000, ta 1999 ta gangaro kan ƙanana. Gwamnatin tarayya ta ɗora wajibi, ba ta haɗo da kuɗin yinsa ba. Yau ƙidayar da Jami'ar Western Kentucky ke yi ta nuna garuruwan da ke karɓar irin wannan kuɗi sun haura 1,800.

Yadda ake lissafin

Ana farawa ne daga ƙarshe, wato daga abin da za a kashe. Ana tara kuɗin gudanarwa na shekara, da na gyara, da biyan bashi, da abin da za a ajiye don sauya bututun da suka tsufa. Wanda ya fara da tambayar nawa mutane za su yarda su biya, sannan ya yanka aikin daidai da amsar, ya riga ya shirya wa kansa ƙarin kuɗi cikin gaggawa nan da shekara uku.

Sannan a auna daɓe. Ana ɗaukar hoto daga jirgin sama, a ɗora shi kan taswirar filaye, a zana rufi da farfajiya da hanyar mota na kowane fili. Lokacin ɗaukar hoton yana da muhimmanci, domin idan bishiyoyi na cike da ganye za su rufe rabin farfajiyar. Manyan filaye ɗaya bayan ɗaya ake auna su. Gidajen zama kuwa sun yi yawa, don haka ana zaɓar wasu ɗaruruwa a auna, a fitar da matsakaici, shi ne zai zama mudun awo. A Amurka ana taƙaita sunan wannan mudu da ERU, ma'ana kwatankwacin gida ɗaya. A birnin Washinton murabba'in ƙafa 1,000 ne, a Mississauga ta Kanada, wadda ta fara cajinta a 2016, murabba'in mita 267.

Mu ƙaddara wani birni, don a ga yadda alƙaluman ke tafiya. Yana buƙatar dala miliyan 12 a shekara. Yana da gidaje 60,000, mudunsa murabba'in mita 250. Sauran filaye, na kasuwanci da masana'antu da hukumomi, suna da daɓe murabba'in mita miliyan 10, wato mudu 40,000. Jimla mudu 100,000, kowanne dala 120 a shekara, dala 10 a wata. A takarda ke nan. Sai majalisa ta yafe wa makarantu da wuraren ibada, mudu 8,000 suka fita. Rangwamen da aka yi wa masu tafkin riƙe ruwa ya cinye 4,000. Cikin 88,000 da suka rage, kashi 95 ne ke biya, saura 83,600. A raba miliyan 12 da wannan, kuɗin wata ya koma kusan dala 12. Mai gida ya samu ƙarin kashi 20 ba tare da an ƙara ko kwalbati ɗaya a aikin ba. Babban kanti mai daɓen murabba'in mita 20,000 zai biya mudu 80, dala 960 a wata. Bene mai gidaje 100 da ke kan murabba'in mita 1,000 zai biya mudu 4, kowane gida ƙasa da rabin dala.

Garuruwan Jamus sun ƙara wani mataki: ba kowane daɓe ne ɗaya ba. A tsarin da garuruwa da yawa na Baden-Württemberg ke bi, rufi da kwalta ana ninka faɗinsu da 0.9, bulon shimfiɗa da 0.6, tsakuwa da bulo mai ramukan ciyawa da 0.3. Kuma kafin a fara caji ana aika wa kowane mai fili hoton filinsa da awon da aka yi, ya duba ya gyara. Wannan mataki yana cin watanni, amma ya fi arha a kan dubban ƙorafe-ƙorafe bayan takardar biya ta fita.

Inda abin ke karkacewa

Kuskuren awo shi ne na farko da ke fitowa fili. Na'ura na ɗaukar busasshiyar ƙasa a matsayin siminti, inuwar gini a matsayin kwalta. Iyakar filaye a taswira takan goce da mita biyu ko uku, sai garejin maƙwabci ya faɗo a lissafinka. Ba za a rasa irin waɗannan ba, abin da ake bukata shi ne hanyar ɗaukaka ƙara mai wa'adi, da mayar da rarar kuɗi idan an gano kuskure. Bayan haka akwai haɗa taswirar filaye da rajistar masu biyan kuɗin ruwa, aikin da kowa ke rainawa. Fili ɗaya na iya samun mita goma, wani kuma ba shi da ko ɗaya. Wa za a aika wa takarda, mai fili ko ɗan haya? Ɗan haya ba shi da ikon fasa simintin farfajiya, don haka cajin da aka ɗora masa ba zai canza komai a ƙasa ba.

Caji ɗaya ga dukkan gidaje ma yana da nasa zalunci, ƙaramin gida na tallafa wa babba. Shi ya sa Washinton ta raba gidajen zama aji shida, Mississauga aji biyar.

Sai tituna. Kaso mai tsoka na daɓen kowane birni titunan gwamnati ne, kuma yawancin birane ba sa cajinsu. Hujjar ita ce titi da lambatunsa ɓangare ne na magudanar kanta. Akwai gaskiya a ciki, amma abin da hakan ke nufi a aikace shi ne kuɗin ruwan titi ya bazu a kan masu rufi, ko suna da mota ko ba su da ita. A nan iƙirarin cewa kowa na biyan daidai ruwan da ya turo yake yin rauni, kuma ba kasafai masu tallata tsarin ke son a taɓo wurin ba.

Batun yafewa siyasa ce tsantsa. A arewa maso yammacin Ingila, da kamfanin ruwa ya koma caji bisa faɗin fili, coci-coci da ƙungiyoyin sikawut da ƙananan kulob na wasanni suka ga kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Hayaniyar ta kai majalisa, dokar ambaliya da sarrafa ruwa ta 2010 ta ba kamfanoni damar yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi sassauci. A Amurka hukumomin tarayya sun daɗe suna ƙin biya, suna cewa haraji ne kuma birni ba shi da hurumin sa wa tarayya haraji, har sai da Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta musu biya a Janairun 2011.

Haraji ne ko kuɗin hidima?

Ga mai biya duk ɗaya ne, kuɗi ne ya fita daga aljihu. A gaban kotu kuwa wannan tambaya ita ke raya tsari ko ta kashe shi, domin a jihohi da dama na Amurka majalisar birni na iya sa kuɗin hidima da kanta, amma sabon haraji sai an je ga masu ƙuri'a.

Shari'ar da aka fi ambato ita ce ta birnin Lansin a Mishigan, 1998. Birnin ya sa caji don raba bututun najasa da na ruwan sama. Kotun ƙolin jihar ta ce haraji ne da aka sa wa rigar kuɗin hidima, ta kuma shimfiɗa ma'auni: shin manufar tsara al'amura ce ko tara kuɗin shiga, shin cajin ya yi daidai da tsadar hidimar, shin mutum na da yadda zai rage ko ya kauce masa. Abin da ya kayar da Lansin shi ne kusan kashi 75 na masu filaye sun riga suna da rababben bututu, amma an caje su daidai da sauran, kuma mafi yawan kuɗin na gina sabon abu ne da zai amfani kowa da kowa har tsawon shekaru masu yawa. Kotun ƙolin Mizuri ta yi wa cajin hukumar kwata ta St. Louis irin wannan hukunci a 2013.

A Kalifoniya, gyaran tsarin mulki na 1996 mai lamba 218 ya ce kuɗin da aka ɗora kan kadara sai an kaɗa masa ƙuri'a, in ban da na ruwan sha da kwata da shara. A 2002 kotu ta ce magudanar ruwan sama ta garin Salinas ba ta shiga cikin ma'anar kwata ba. Gundumar Los Anjalas ba ta tsaya jayayya kan suna ba. A 2018 ta kira abin haraji ƙarara, santi 2.5 a kan kowace murabba'in ƙafa ta daɓe, ta nemi kashi biyu bisa uku na ƙuri'u, ta kuma samu. Yana kawo kusan dala miliyan 280 a shekara, rabi ga manyan ayyukan yanki, kashi 40 ga birane, kashi 10 ga hukumar da ke gudanarwa.

Jihar Merilan ta Amurka ta nuna cewa doka na iya tsayawa siyasa ta kayar da ita. A 2012 jihar ta wajabta wa gundumomi tara da birnin Baltimo su sa cajin, don rage dattin da ke shiga mashigin tekun Chesapeake. 'Yan adawa suka laƙaba masa suna harajin ruwan sama, sunan ya kama bakin jama'a, Larry Hogan ya yi kamfe da shi ya ci zaɓen gwamna a 2014, a 2015 aka soke tilascin. Wajibin tsaftace ruwan dai yana nan, gundumomin da suka janye cajin daga babban asusu suke ciro kuɗin. Faransa ma ta ba garuruwa damar sa harajin ruwan sama, kaɗan ne ƙwarai suka ɗauka, aka soke shi daga 2015.

Darasin da masu tsara caji suka ɗauka daga waɗannan shari'u shi ne a killace kuɗin a asusu na daban wanda ba a taɓawa don wani aiki, a rubuta lissafin tsadar hidima dalla-dalla, sannan a buɗe ƙofar rangwame. Ranar da aka ciri kuɗin magudana aka biya albashin wani sashe, an miƙa wa lauyan mai ƙara hujjarsa.

Rangwame na da amfani a kotu, tun da yana nuna mutum na iya rage abin da yake biya. Ko yana sa mutane su canza filayensu, wannan magana ce daban. A birninmu na misali, gida na biyan dala 144 a shekara. Ko an yafe rabi, dala 72 ce. Idan haƙa lambun shanye ruwa ya ci dala 1,500, sai an shekara ashirin da ɗoriya kafin kuɗin ya dawo. Tankin lita 200 a ƙarƙashin indararo kashi 4 kawai yake kamawa na lita 5,000 ɗin da muka fara da su, kuma idan ba a zubar da shi kafin ruwa na gaba ba, bai kama komai ba. Ga babban kanti mai biyan dala 11,520 a shekara, lissafin na iya fita, musamman idan birni ya haɗa da tallafin gini, kamar yadda Filadelfiya ke yi a shirinta na shekara 25 da ta fara a 2011. A ganina rangwamen gidajen zama ya fi zama wayar da kai, kuma bai kamata a gina kasafi a kan tsammanin zai rage girman bututu ba. Akwai kuma iyaka ga abin da za a yafe. Wanda ya riƙe duk ruwan filinsa har yanzu yana bin titin da ake zuƙe wa ruwa. Tafkin da aka ba rangwame a kansa kuma laka na cika shi, mashigarsa na toshewa, don haka rangwamen da ba a sabunta shi da ziyarar gani da ido duk bayan 'yan shekaru, kyauta ce kawai.

Washinton ta gwada wata dabara a 2013. Manyan sababbin gine-gine dole su riƙe ruwan inci 1.2, kusan milimita 30. Wanda filinsa ya yi masa ƙunci yana iya cike wani ɓangare ta hanyar sayen takardar shaida daga wanda ya riƙe fiye da nasa a wani wuri, kowace takarda galan ɗaya na shekara ɗaya. Kuɗin masu gini a tsakiyar birni sai ya koma yin lambuna a unguwannin da fili ke da arha.

Cajin wata-wata ba ya gina rami na biliyoyi kai tsaye. Amfaninsa shi ne da ruwan ciki ake jan na rijiya: birnin da ke da tabbataccen kuɗin shiga na iya sayar da takardun lamuni na shekara 20 ko 30, masu ba da bashi kuma kan sa sharaɗin abin da ya rage bayan kuɗin gudanarwa ya ɗara biyan bashin shekara, misali da kashi 20 ko 25. Wannan sharaɗi na nufin majalisa ta ɗaure hannunta, dole ta ƙara caji idan kuɗin shiga ya ja baya. Sababbin unguwanni kuwa ana cajin maginansu sau ɗaya a lokacin ba da izini, don kada tsofaffin mazauna su biya faɗaɗa bututun da ba su jawo ba, ko da yake gyaran abin da maginin ya gina yana komawa kan birni har abada.

Kofanhegan, babban birnin Denmak, ta bi ta takardar kuɗin ruwa. Bayan ruwan 2 ga Yulin 2011, wanda ya zubar da kusan milimita 150 cikin awa biyu, birnin ya fitar da shiri a 2012 na mayar da wasu tituna da wuraren shaƙatawa hanyoyin ruwa da matattararsa. Cikas ɗin shi ne dokar Denmak ta taƙaita kuɗin kamfanin ruwa ga aikin kwata, titi da lambu kuwa na asusun haraji ne. Sai da aka gyara doka kafin kamfanin ya iya biyan ɓangaren sarrafa ruwa na aikin da ke saman ƙasa, birni kuma ya biya na bishiyoyi da kujeru da ƙawa. A kowane aiki sai an zauna an raba takardar kuɗin, an tantance wane dutse ne na ruwa, wanne ne na ado.